Ra'ayi: Idan waƙa ta ƙi zuwa, a koma ɗalibi kamar Malam Maman Barka

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na je gida Ibohamane, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, domin bikin ɗan kawuna. Ana dab da faɗuwar damina, ƴan ci-rani sun fara dawowa daga Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, saboda haka gari cike yake da samari masu sababbin wayoyi. Da la'asar aka fito da manyan lasifikoki biyu, aka jona su da batirin sola, wani yaro ya soka filas. Daga lokacin har bayan isha'i waƙoƙi suka yi ta zuba. Na zauna ina saurare da kunnen ɗan jarida, amma sau da yawa na kasa gane inda wata waƙar ta ƙare da inda wata ta fara. Sunayen mawaƙan ne kawai ke sauyawa.

Can gefe, a gindin dogon-yaro, wani dattijo na zaune shi kaɗai. Na san shi tun ina yaro, shi ne ya yi wa iyayenmu kiɗan gurmi a nasu bukukuwan. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, yau ba a fito da gurmi ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, gurmi na rataye a ɗaki, fatarsa ta tsage tun bara waccan. In na gyara, wa zan kaɗa wa?"

A daren ranar muna shan shayi da wani abokina da muka tashi tare, wanda yanzu mawaƙi ne a birni, yana da mabiya masu yawa a TikTok, har waƙoƙinsa biyu aka sa a bikin. Da mutane suka ragu sai ya rage murya ya ce da ni, "Wallahi abokina, wata bakwai ke nan ban yi waƙar da ni kaina nake son ji ba. In shiga situdiyo, a buga mini kiɗa, in ɗora murya, in fito. Jama'a na rawa, amma ni na san ɗumamen jiya nake ba su." Ya ce yana tara kuɗi ne ya tafi Legas, ko zai samo sabon salo. Na ce masa ga sabon salo can ya wuni a gindin dogon-yaro, ko taku talatin babu tsakaninku. Ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, mawaƙin da ya ji rijiyarsa ta ƙafe, hanya mafi kusa da zai sake samun ruwa ita ce ya ɗauki abin kiɗan da bai iya ba, ya zauna gaban wanda ya iya, ya yarda a ce masa ya yi kuskure. Kuma ba daga kaina na ƙago wannan ba. A ƙasar nan an yi mutumin da ya gwada, muka ga sakamako.

Malamin makarantar da ya koma ɗalibi

An haifi Malam Maman Barka a Tesker, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, a cikin Tubawa makiyaya. Malamin makarantar boko ne, daga nan "Malam" ya bi sunansa. Da gurmi ya yi suna, kuma duk wanda ya tashi yana jin rediyon Nijar a shekarun 1980 da 1990 ya san muryarsa. Sunansa ya tsallaka har arewacin Najeriya. A taƙaice, mutum ne da ya riga ya isa: yana da masu saurare, yana da salonsa, babu wanda zai zarge shi idan ya ci gaba da abin da ya saba har ƙarshen rayuwarsa.

Amma a shekarar 2002, lokacin ya haura shekara 40, ya samu tallafin hukumar UNESCO ya nufi yankin Tafkin Chadi domin koyon wani abin kiɗa da ake kira biram. Biram kayan kiɗan Buduma ne, masuntan da ke zaune a tsibiran tafkin. Tsirkiya biyar gare shi, jikinsa kuma an sassaƙa shi da siffar kwale-kwale. Buduma na girmama shi ƙwarai, ba kowa ke taɓa shi ba. A lokacin da Malam Barka ya je, wani dattijo mai suna Boukar Tar ne ake ɗauka a matsayin gwani na ƙarshe da ya rage. Wurinsa ya zauna ya koyi kiɗan da waƙoƙin da ke tafiya da shi, kuma dattijon ya damƙa masa biram kafin ya rasu.

A duba abin da wannan ke nufi. Tauraron da ake tafa wa a Yamai da Damagaram ya ajiye tsirkiya biyun da yatsunsa suka haddace, ya ɗauki biyar da bai taɓa riƙewa ba, a gaban wani tsohon masunci da ba ruwansa da sunan da ya yi a rediyo. Dole ya koyi waƙa cikin harshen da ba nasa ba. Dole ya yi kuskure irin na yara. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma mu faɗi gaskiya, suna yana hanawa. Da yawa daga mawaƙanmu na yau, da zarar bidiyonsu ya samu kallo dubu ɗari, ko gyaran baiti ba a isa a yi musu ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Da biram ɗin nan, tare da abokin tafiyarsa makaɗin ganga Oumarou Adamou, Malam Barka ya zaga ƙasashe. Ya hau dandalin bikin kiɗa na WOMAD a Ingila a 2008, kuma a 2009 kamfanin World Music Network ya fitar masa da kundin waƙoƙi mai suna Introducing Mamane Barka. Ya rasu a Yamai cikin watan Nuwamban 2018, Allah ya jiƙansa. Mutum ɗaya ya yi rayuwar waƙa sau biyu: ta gurmi, sannan ta biram. Ta biyun kuwa ta faro ne a ranar da ya yarda shi ɗalibi ne.

Akwai kuma abin da ya wuce ribar kansa. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai, kuma a 2015 rikicin Boko Haram ya sa aka kwashe mazauna tsibiran ɓangaren Nijar. Al'ummar da aka raba da ruwanta da jiragenta, kiɗa ne abu na ƙarshe da za ta samu sukunin koya wa yara. Ba don wani malamin makaranta ya je a 2002 ba, da yawancinmu ko sunan biram ba za mu ji ba.

Me abin kiɗa ke yi wa mawaƙi?

Wani zai ce to mene ne haɗin yatsa da basira? Ai waƙa a ka take. Bari mu duba yadda ake yin yawancin waƙoƙin da muke ji yau, daga Kano har Maradi da Tawa. Mawaƙi ya zo da baitukansa, ya rera wa mai kiɗa. Mai kiɗa na da kwamfuta da manhaja irin su FL Studio da kuma fiyano. Ya zaɓi saurin kiɗa, ya buga ɗan guntu, ya sa na'ura ta yi ta maimaita shi. Sautin kalangu da na sarewa duk suna ajiye a ciki, danna su kawai ake yi. Sai a ɗora murya, a bi ta da na'urar gyaran murya. Kafin magariba an gama. Wannan tsari ya bunƙasa ne tare da finafinan Kannywood da waƙoƙin nanaye, ya kuma buɗe wa dubban matasa ƙofar da a da sai ɗan gado ke shiga. Ba na raina shi.

Matsalar ita ce, mawaƙi ɗari na ɗiban ruwa a randa ɗaya. Sautukan da ke cikin kwamfutar wannan su ne a ta wancan. Mai kiɗan da ya buga maka da safe shi zai buga wa abokin hamayyarka da yamma, kuma hannunsa ɗaya ne. Idan kai mawaƙi ba ka iya taɓa komai ba, to duk tunaninka sai ya bi ta hannun wani kafin ya zama sauti, wannan hannun kuwa ya riga ya saba da hanyarsa.

Abin kiɗa na hannu yana karya wannan ta hanyoyin da ake iya nunawa. Na farko, harshenmu harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na sauya ma'anar kalma. Shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi na matse tsirkiyoyin da ke jikinsa a hammata, fatar ta ɗaure ko ta saki, sautin ya hau ko ya sauka yana bin kalma, har mai saurare ya gane taken wane ake kaɗawa. Kalangun da ke cikin fiyano ba ya jin Hausa. Mawaƙin da ya koyi matse kalangu da kansa zai fara jin karin da ke ɓoye cikin kalmominsa tun kafin ya rera su.

Na biyu, a ɗauki goge. Ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya ta izgar doki, babu wata alama a jikinsa da ke cewa ga inda za a sa yatsa. Mai goge na iya zamewa daga wannan sauti zuwa wancan, ya tsaya a tsakani, kamar yadda muryar tsohuwa ke yi idan tana waƙar daka. Fiyano ba ta da tsakani, ko wannan maɓalli ko wancan. Na'urar gyaran murya kuwa aikinta ke nan ta janye muryarka daga tsakanin ta kai ta maɓalli mafi kusa. Wato abin da ya bambanta muryar Ba'adare da ta Bakano da ta Badamagare, shi ne na'urar ke gogewa da sunan gyara.

Na uku, ƙarancin abu na tilasta dabara. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi duk rayuwarsa ta waƙa, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya da ake rufe gwangwani da fata a yi shi. Wanda ke da tsirkiya ɗaya ba shi da wurin ɓuya, dole maganarsa ta yi nauyi, dole hannunsa ya nemo sabuwar hanya. Wanda ke da sauti dubu a kwamfuta kuwa sau da yawa zaɓe ne ke cinye masa rana. Haka kuma mai koyo yana kuskure, kuma a cikin kuskuren yatsa ne wani lokaci ake tsintar karin da ba a taɓa ji ba. Kwamfuta ba ta tuntuɓe, saboda haka ba ta tsintuwa.

Ba yaƙi da zamani ba ne

Kada wani ya ɗauka ina cewa a farfasa fiyano a koma zamanin kakanni. Misalai biyu daga ƙasar nan sun isa su nuna cewa maganar koyo ce, ko daga ina abin kiɗan ya fito.

Mamman Sani ma'aikaci ne da ya yi aiki da UNESCO. A wurin wani taro ya ga wani wakili ɗan Ruwanda da fiyano mai lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, ya lallashe shi ya sayar masa. Ya zauna ya koye ta, ya riƙa zuba mata karin waƙoƙin gargajiyar Nijar. A 1978 ya naɗi kundinsa, kuma shekaru da dama kiɗansa ne ke cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasa, mutane na ji ba tare da sun san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kundin, duniya ta san shi. Na'urar Bature ce, amma da ta shiga hannun wanda ya zauna ya koye ta da kunnen gida, sai ta yi maganar gida.

Na biyun ɗan jiharmu ne ta Tawa, daga arewacinta: Mdou Moctar. Gidansu ba su son kiɗa, saboda haka jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, cike da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu da katin memori waƙoƙin suka yaɗu a Sahel. Da ya tsaya nan, da yau yana cikin ɗaruruwan da aka manta. Sai ya duƙufa kan jita mai lantarki har ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake ambata a duniya, musamman bayan kundin Afrique Victime na 2021. Da juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rutsa da shi da abokan kiɗansa a Amurka, hanyar gida ta toshe na wani lokaci, sai suka shiga situdiyo suka sake kaɗa waƙoƙin sabon kundinsu da jitar da ba ta lantarki ba. Abin da ya fito shi ne Tears of Injustice, a 2025. Waƙoƙin ba su sauya ba, kayan kiɗan ne suka sauya, amma wanda ya saurari kundin biyu zai ji kamar mutane daban ne ke magana.

Malam Barka ya nufi tsibiri, Mamman Sani ya ɗauko na Turai, Mdou ya ajiye lantarki. Kowa da inda ya dosa, abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ya tsaya inda aka fara tafa masa.

Abin da masu ja za su ce

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu na da ƙarfi. Ta farko kuɗi. Abokina na da mata da yara biyu da iyaye a ƙauye. Waƙar biki ɗaya da zai yi a kwana guda ta fi masa wata shida na koyon gurmi amfani a aljihu. Wannan gaskiya ne, kuma ba na ce kowa ya rufe shagonsa ba. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Idan abin da kake sayarwa kowane yaro mai kwamfuta zai iya yin irinsa, gobe wani zai yi shi a rabin kuɗinka. Yanzu ma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara haɗa kiɗa da murya cikin ɗan lokaci. Abin da zai yi wuyar kwaikwayo shi ne abin da ke hannunka kai kaɗai. Awa biyu a mako ba za ta hana kowa cin abinci ba.

Ta biyu kunya. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma mun san yadda ake kallon makaɗa da maroƙa, har a wajen neman aure. Abin mamaki, saurayi zai tsaya gaban makirufo ya wasa mai kuɗi a kira shi tauraro, amma idan ya rataya kalangu sai a ce ya zubar da girman gidansu. Sana'ar ɗaya ce, rigar ce ta bambanta. Alhaji Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, amma tun rasuwarsa a 1999 har yau ba a samu wanda ya cike gurbinsa ba, kuma kalangu ne ke bayansa. Idan muna alfahari da Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa a wayoyinmu, muna kuma ƙyamar kayan da suka yi aiki da su, to akwai abin da bai daidaita ba a tunaninmu.

Ta uku addini. Wannan fage ne na malamai, kuma duk wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda imaninsa, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Da waɗanda suka riga suka shiga sana'ar nake magana. Na san goge da garaya sun daɗe ana danganta su da bori, shi ya sa wasu ke gudunsu. Amma gurmi da kalangu da sarewa sun yi wa manoma da mahauta da ƴan kokawa da makiyaya aiki shekara da shekaru. Abin da aka faɗa a cikin waƙa da wurin da aka kai ta, su mawaƙi zai fi kula da su.

Ta huɗu ita ce ta fi damuna, domin akwai gaskiya mai ɗaci a cikinta. Wasu na cewa kayan gargajiya Turawa ake yi wa, su ne ke son ganin Ba'afirke da rawani da ƙoƙo. Lallai biram ɗin Malam Barka ya fi samun dandali a Turai bisa ga bukukuwanmu. Kuma ka tambayi matasa goma a Yamai ko Maradi su kwatanta maka biram, ka ga nawa za su iya. Sai dai wannan laifin namu ne, masu saurare da masu shirya biki da mu ƴan jarida. Shi ya yi nasa, ya je ya ɗauko. Darasin da ke ciki shi ne mutum ɗaya ba ya riƙe gadon al'umma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan koyon ya tsaya kan gwani ɗaya da ɗalibi ɗaya, to jinkirta mutuwar kawai aka yi.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Mu mutanen Keita mun san wani abu game da ƙasar da aka ce ta mutu. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, fako ne ko'ina, ruwa na sauka ya wuce bai shiga ba. Iyayenmu, akasarinsu mata, su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera, suka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka dasa itatuwa. Ba a sauya ƙasar da wata ba, tsayar da ruwan aka yi ya shiga. Wanda ya tashi ya ga wannan bai kamata ya yarda cewa sai an je Legas ake samun tsiro ba.

Ga mawaƙa matasa: ka zaɓi abu ɗaya, gurmi ko kalangu ko goge ko jita ko ma fiyanon da kullum wani ke buga maka, ka ba shi wata shida. Ka nemi malami, ka biya shi kamar yadda kake biyan situdiyo, kada ka je da "Baba a taimaka". In ka shiga naɗar waƙa ka tafi da shi, a sa masa makirufo, a rubuta sunansa a jikin waƙar. In ka yi rajistar waƙar a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, a sa shi cikin masu rabo. Ɗaukar karin tsoho a waya a je a sayar ba tare da saninsa ba sata ce, ko da an kira ta raya al'ada.

Ga ƴan'uwanmu da ke Abijan da Kwatano da Tripoli da Faransa da Amurka: ku ne ke aiko da kuɗin yawancin bukukuwan da ake yi a Keita da Buza da Madawa. Ku ne kuma kuka fi kowa neman tsofaffin waƙoƙi a YouTube idan kewar gida ta taso cikin dare. Idan za ka aiko da kuɗin hayar lasifika, ka ware wani abu ka ce a kira makaɗin garinku ya yi ko awa ɗaya. A zaurukanku na WhatsApp da kuke tara kuɗin gyaran rijiya da masallaci da aji, kuɗin fatar gurmi ba zai gagare ku ba. Makaɗin da ake kira biki, yara za su so su gaje shi. Wanda aka bari a gindin bishiya, ko ɗansa ba zai kalli sana'ar ba.

Ga hukumomi: a Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai ɗauke da sunan Elhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar nan. Na ziyarce ta lokacin ina karatun aikin jarida a IFTIC, kuma a nan na fara ganin wasu kayan da ko sunansu ban taɓa ji ba. Amma yaron Ibohamane ba zai je Yamai koyon gurmi ba alhali ga mai gurmi a unguwarsu. Abin da ake buƙata shi ne a san su wane ne suka rage a kowace gunduma, a haɗa su da masu son koyo, a ba su ɗan abin da za su riƙe kansu. Gasar Dan Gourmou da ake yi a Tawa, wadda ke ɗauke da sunan shahararren makaɗin Adar, za ta iya ware kyauta ta musamman ga matashin da ya hau dandali tare da malaminsa. Gidajen rediyon karkara kuma su ba tsofaffin nan fili su kaɗa kai tsaye, a naɗa, a ajiye.

Mu ma ƴan jarida da namu laifin. Mun fi rawar jiki wajen ba da labarin faɗan mawaƙa biyu a Facebook fiye da zuwa ƙauye mu zauna da mai goge na awa ɗaya. Sai ya mutu mu rubuta cewa an yi babban rashi.

Kafin in bar gida na sake komawa wurin abokina, na ce ko don ka rufe mini baki ka je sau ɗaya. Ya je. Dattijon bai yi masa doguwar magana ba, cewa ya yi ya nemo fata da goro ya dawo. Makonni uku bayan na koma bakin aiki sai ga saƙon murya a WhatsApp, bai kai minti ɗaya ba. Kiɗan gurmi ne, a karkace, yana tafiya yana tsayawa kamar jaki a yashi. A bayansa ana jin muryar dattijon yana cewa, "A'a, ɗana. Sake." Sai aka sake. A ƙarƙashin saƙon abokina ya rubuta cewa yatsunsa sun yi kanta, kuma tafiyar Legas ya ɗage ta sai bayan kaka.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an je inda take tun mai ita na da rai. Allah ya jiƙan Malam Maman Barka da malaminsa Boukar Tar, ya kuma ba na raye tsawon kwana har a zo a koya.